Ku Tambayi Mai Gem: Sonic 2 Yana Nan da Daɗinsa, Ko Ƙuruciya Ce Ke Ruɗin Mu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina gaisuwa tare da yi wa wannan fili fatan alheri. Ni magidanci ne, ina da yara maza biyu, babban shekararsa tara, ƙaramin biyar. Kullum ina cika musu baki cewa a zamaninmu akwai wani gem na Sega mai suna Sonic 2 wanda har yau ba a yi kamarsa ba. Rannan na samo shi na ɗora wa babban a waya. Bai yi minti biyar ba ya miƙo mini, ya ce, "Baba, wannan ai gudu ne kawai, kuma hoton duk a farfashe yake." Wallahi sai da na ji kunya. Don Allah ka faɗa mini tsakaninka da Allah, gem ɗin nan yana da kyan da nake tunawa, ko ƙuruciya ce take ruɗina? In yana da kyau, yaya zan yi yaran su so shi?

*Daga wani magidanci a Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wasiƙarka ta ci mini barcin dare biyu. Ban so in ba ka amsa da abin da nake tunawa ba, tunda abin da ake tuhuma ke nan, don haka na jawo tsohuwar Mega Drive ɗina, wato na'urar gem ta Sega, daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe ƙura, na hure kaset kamar yadda muka saba (an ce hurawar ba ta gyara komai, danshin baki ma take sakawa, amma baki ya riga ya saba), na buga shi daga farko har ƙarshe. Ga abin da na gani: wajen kashi biyu cikin uku na gem ɗin yana nan daram, ba abin da shekaru suka rage masa. Sauran kashi ɗayan kuwa akwai mugunta a ciki, kuma ina zaton kai ma ka manta da ita ne, ko kuma ba ka taɓa kaiwa can ba saboda mai gidan gem yana ƙwace hannu, wato abin latsawar, in kuɗinka sun ƙare.

Sai ka tuna yadda na farkon yake kafin ka gane abin da na biyun ya gyara. Sonic na farko ya fito a 1991. Zangonsa na farko, Green Hill, gudu ne da shawagi, ka ji kamar iska ta ɗauke ka. Kana fita daga nan sai a jefa ka Marble Zone, inda bushiyar da aka ce ta fi kowa gudu za ta tsaya tana tura dutse, tana jiran tudu ya sauko, tana lallaɓawa a kan narkakkiyar wuta. Gaba kuma ga Labyrinth, cikin ruwa, kana tafiya kamar mai ɗauke da buhun gero. Kowane zango mataki uku ne, ko ka gaji da shi ko ba ka gaji ba. An sayar mana da gudu, aka ba mu jira.

Na biyun ya fito a Japan ranar 21 ga Nuwamba 1992, ya fito a Amurka da Turai ranar Talata 24 ga wata. A wancan lokacin abin mamaki ne gem ya fito a nahiyoyi kusan lokaci guda, don yawanci sai an yi watanni ana jira. Kuma a Amurka aka yi shi, a jihar Kalifoniya. Dalili shi ne Yuji Naka, wanda ya rubuta manhajar na farkon, ya bar Sega ta Japan cikin ɓacin rai, sai Mark Cerny ya lallashe shi ya koma sashen da ya kafa wa kamfanin a Amurka, wato Sega Technical Institute. Hirokazu Yasuhara, mai tsara matakai, shi ma yana can. Aka haɗa Japanawa da Amurkawa a aiki guda, harshe daban, salon aiki daban, ga lokaci a ƙure. Zan dawo kan abin da ƙurewar lokacin ta haifar, don ya bar tabo a jikin gem ɗin.

Gyara na farko da suka yi ƙarami ne a ido, amma shi ne komai. A na farkon, in gudunka ya mutu a gindin tudu, dole ka koma baya ka ɗauko gudu. A na biyun sai ka danna ƙasa, ka rinƙa latsa maɓallin tsalle, Sonic ya dunƙule yana juyawa a wuri ɗaya yana ƙara kamar injin markaɗe, kana saki ya harba. Gyara na biyu, suka rage yawancin zangunan zuwa mataki biyu. Zango 11 ne gaba ɗaya, mataki 20, kuma kafin ido ya gaji da launin wuri an canja maka wani. Daga koren tudun Emerald Hill ka faɗa masana'antar Chemical Plant, daga nan kangon Aquatic Ruin, sai fitilun Casino Night. Kiɗan kuma na Masato Nakamura ne, shi ya yi na farkon ma. Na yi shekaru ban ji kiɗan Chemical Plant ba, amma yana tashi na tsinci ƙafata tana buga ƙasa.

Kan maganar yaronka cewa gudu ne kawai, ba laifinsa ba ne, don haka abin yake ga wanda ya danna dama ya riƙe. Amma ka sa shi ya lura da yadda aka gina kowane mataki hawa-hawa. Akwai hanyar sama, akwai ta tsakiya, akwai ta ƙasa. Ta sama ta fi sauri, ta fi zobba (su Sonic ke tarawa, su ke kare shi in an taɓa shi), amma tana son tsalle a daidai lokacinsa. In ka kuskure ba a kashe ka, sai dai ka faɗo ta ƙasa inda tafiya ta fi wuya. A Aquatic Ruin abin ya fi fitowa fili: wanda ya iya zai ƙare mataki ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba, wanda bai iya ba kuwa zai wuni a ƙasa yana neman kumfar iska. Gudun lada ne da ake ba wanda ya san hanya, shi ya sa buga shi karo na goma ya fi na farko daɗi. Minti biyar a waya ba za su nuna wa yaro wannan ba.

Ga wuri ɗaya da nake so ka zauna kusa da shi in ya kai, don ka ga fuskarsa. Chemical Plant, mataki na biyu. Bayan gangaren da Sonic ke gudu har ya kusa fita daga fuskar talabijin, za ka shiga wani siririn rami da ke hawa sama, da tubala masu zagayawa huɗu-huɗu. Kana shiga sai ruwan nan mai launin shunayya ya fara tasowa daga ƙasa. Tsalle a cikin ruwa nauyi gare shi, tubalan ba sa jiran kowa, in ka yi sakaci su matse ka, kuma a wannan zangon babu kumfar iska ko ɗaya. Sai kiɗan ya yanke, wani ya shigo mai sauri yana ƙara sauri, lambobi su fito a kan Sonic, biyar, huɗu, uku. Ni da furfura a gemu, daren shekaranjiya, na ji tafin hannuna ya jiƙe da gumi a daidai wurin. Na fito da saura ɗaya. Uwargida ta leƙo ta ce lafiya nake salati da ƙarfe ɗaya na dare.

Yanzu ga inda na ga ka yi kuskure, kuma ka yi haƙuri da zan faɗa kai tsaye. Ka ba yaro ɗaya gem ɗin a waya, shi kaɗai, alhali kana da yara biyu. Babban abin da Sonic 2 ya zo da shi shi ne Tails, ɗan dilan nan mai wutsiya biyu da Yasushi Yamaguchi ya zana, wanda ke bin Sonic a baya duk inda ya sa ƙafa. In ba kowa a hannu na biyu, kwamfuta ce ke tafiyar da shi. Amma in ka jona hannu na biyu, duk wanda ya riƙe shi ya zama Tails. Yana kwasar zobba su shiga lissafin Sonic, yana dukan bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen zango, a ƙirga, kuma ba ya mutuwa. Ya faɗa rami, ƙaya ta soke shi, a bar shi a baya, bayan 'yan daƙiƙu sai ga shi ya sauko daga sama yana juya wutsiyoyinsa kamar farfela. Ba a rage rai ko ɗaya saboda shi.

Ka san me wannan yake nufi a gidan da ke da wa da ƙane? Ni ƙanen ne a gidanmu. Kafin Sonic 2, abin da yayana yake yi shi ne ya ba ni hannun da ba a jona ba, in yi ta latsawa ina murna, shi yana buga abinsa. Ranar da na gano sai da na yi kuka har aka ji a maƙwabta. Da wannan kaset ɗin ya zo gidan wani abokinsa, a karon farko aka ba ni hannu mai aiki, kuma ba wanda ya damu in na yi shirme, tunda shirmena ba ya jawo wa kowa asara. Har dabara suka ƙirƙiro: in an zo wurin bos, Yaya ya tsaya a gefe da zobensa, ya ce, "Kai, je ka dake shi." In tafi, a buge ni, in dawo, in sake. Na kashe bos da yawa a haka, kuma na yi ta faɗa a makaranta ba tare da na ambaci yawan faɗuwar da na yi ba. Ɗanka mai shekara biyar wannan gurbin aka yi dominsa. Akwai kuma tsere na mutum biyu da ake raba fuskar talabijin sama da ƙasa, a Emerald Hill da Casino Night da Mystic Cave. Hoton yana matsewa, kowa ya zama gajere mai faɗi, wani lokacin na'urar ta rinƙa jan ƙafa, amma rigimar da yake haddasawa tsakanin 'yan'uwa mai daɗi ce.

Sai dai Tails ɗin kwamfuta yana da ranar ɓata rai. In ka wuce sandar fitila da zobe 50, taurari za su zagaye samanta, ka yi tsalle ka shiga mataki na musamman, wani dogon kwaroro kamar rabin bututu inda ake kwasar zobba ana kauce wa bama-bamai don a samu zumurrudu. Guda bakwai ne a nan, a na farkon shida ne. To shi Tails yana kwaikwayon motsinka ne a makare, kai ka tsallake bom, shi ya rungume shi, zobban da ya kwasa su watse, a ce ba ku cika adadi ba. In babban yana neman zumurrudan da gaske, ya shiga zaɓuɓɓuka ya zaɓi Sonic shi kaɗai.

Wata magana a gefe, tunda uba nake yi wa bayani. Casino Night an gina shi ne da siffar gidan caca, har da injin da ke juya hotuna uku, in sun dace ka samu zobba, in fuskar Robotnik, mugun da Sonic ke yaƙa, ta fito sau uku a kwashe maka har 100. Ba kuɗi a ciki, zobban wasa ne, amma yara sukan maƙale a wurin suna ta jefa Sonic ciki har minti goman da aka ba kowane mataki su cika, ya mutu a banza. Ni dai na ga ya ishi uba abin buɗe magana da ɗansa a kan yadda irin wannan inji yake cinye mai shi.

Hill Top da Mystic Cave da Oil Ocean suna da kyau, ko da yake daga nan fara'ar gem ɗin take fara raguwa. A mataki na biyu na Mystic Cave akwai wani rami mai zurfi da ƙayoyi a gindinsa, in ka faɗa ba hanyar fita, sai dai ka tsaya ka jira mutuwa.

Sai Metropolis. Nan ne na tuna dalilin da ya sa yawancinmu ba mu taɓa ganin ƙarshen gem ɗin ba. Shi kaɗai ne mai mataki uku, kuma na ukun asalinsa an tsara shi ne don wani zango da aka soke saboda ƙurewar lokaci, sai aka liƙa shi a nan. Abokan gaba uku ne suka addabi wurin. Akwai ƙoƙi-ƙoƙin ƙarfe mai jefo lauje biyu da ke bin ka, akwai ƙaguwa mai dogon hannu da ke naushi, akwai taurarin da ke maƙale a bango su fashe su watso tsini daidai lokacin da kake hawa wani katon noti da gudu. Matsalar ba wuyarsu ba ce, wurin da aka ajiye su ne. Gem ɗin ya shafe zango bakwai yana koya maka ka saki jiki ka yi gudu, sai a nan ya ajiye maka ƙoƙi-ƙoƙi a bakin inda sifirin zai jefa ka, inda ba idon da zai gan shi kafin ya sare ka. Wannan ba gwajin ƙwarewa ba ne, hadda ce, kuma ban ga dalilin kare shi ba don kawai muna son gem ɗin.

Bayansa akwai ɗan hutu a Sky Chase, kana tsaye a kan fiffiken ƙaramin jirgin da Tails ke tuƙawa. A farkon Wing Fortress a harbo jirgin, Tails ya tafi da shi, ka ci gaba kai kaɗai a kan tudun da ƙarƙashinsu sarari ne. Nan ƙanen zai ajiye hannu ya koma ɗan kallo, ka shirya masa haƙuri. Ƙarshe kuma Death Egg, inda babu zobe ko ɗaya, wato taɓawa ɗaya mutuwa. Za ka fara da Sonic na ƙarfe, duka takwas, ka wuce kan katon mutum-mutumin Robotnik, duka 12, ga hannuwansa masu tsini. In ka mutu a duka na 11, ka koma kan na ƙarfen daga farko. Kuma kaset ɗin ba ya ajiye inda ka tsaya, a kaset dai sai a Sonic 3 na 1994 aka kawo wannan. Mu da muka taso inda ake ɗauke wuta ba sallama mun san zafin abin. Akwai ranar da Yaya ya kai Wing Fortress da rai tara, talabijin ta yi ɗif. Bai ce uffan ba, ya tashi ya fita, ko abincin dare bai ci ba.

Shekaranjiya na ci shi bayan na zubar da rayuka masu yawa a Death Egg. Sai hotunan ƙarshe suka fito, Sonic yana faɗowa daga sama, Tails ya taho da jirgi ya tare shi. Na daɗe ina kallon wurin. Ashe wanda ake bari a baya tun farkon tafiya shi aka ba aikin ceto.

Abin da zan ba ka shawara: ka nemi hanyar da za a jona hannu biyu a talabijin. In ka samu tsohuwar Mega Drive mai aiki, to. Akwai ƙaramar Mega Drive Mini da Sega ta fitar a 2019, Sonic 2 yana cikinta, kuma ta Turai da ta Amurka da hannu biyu suke zuwa. Akwai Sonic Origins na 2022 a na'urorin zamani, wanda ya ɗauko sabon ginin da Christian Whitehead da Simon Thomley suka yi wa gem ɗin a 2013. Wannan ginin ya cika faɗin talabijin na yanzu, don haka ana hango abin da ke gaba da wuri, abin da ke rage wa Metropolis kaifi, kuma yana ajiye inda aka tsaya. Sun ma dawo da Hidden Palace, ɗaya daga zangunan da aka cire a 1992, suka sa ƙofarsa a gindin ramin nan na Mystic Cave, wato inda da ake mutuwa yanzu hanya ce. Kada ka ce musu ya fi gem ɗinsu, yaro ba ya son a kushe masa nasa. Ka kunna, ka riƙe Sonic da kanka, ka miƙa wa ƙaramin hannu na biyu, ka bar babban yana kallo daga gefe. In kuka kai ramin ruwan shunayya ka mutu sau biyu a gabansa, ina kyautata zaton shi zai ce, "Baba, kawo in gwada."

Tambaya: Malam, mu a gidanmu ba mu taɓa mallakar Sega ba, irin gem ɗin nan mai kaset rawaya muke da shi. Amma na tuna mun buga wani Sonic a ciki, sai dai Mario ne yake gudun. Abokaina sun ce mafarki na yi. Shi ne Sonic 2?

*Daga wani mai karatu a Maraɗi*

Amsa: Ba mafarki ka yi ba, ka je ka faɗa musu. Sunansa Somari, ya fito a 1994, kuma na bayan fage ne, ba da izinin Sega ko Nintendo aka yi shi ba. An ɗauki matakan Sonic na farko aka matse su cikin na'urar da ba ta da ƙarfin ɗaukarsu, aka sa Mario a madadin bushiya. Shi ya sa tsallen yake da santsi kuma kiɗan yake kamar ana matse kyanwa. Sega ba ta taɓa fitar da Sonic a na'urar Nintendo ta wancan zamani ba, lokacin gaba ce tsakaninsu ta haƙiƙa. Akwai dai wani Sonic 2 na gaskiya da Sega ta fitar a 1992 don wasu na'urorinta, Master System da Game Gear, amma daban yake da na Mega Drive, a cikinsa sace Tails aka yi kake neman sa.

Tambaya: Yaya Mai Gem, akwai wasu lambobi da ake sakawa a zaɓi zangon da ake so. Na manta su. Taimaka.

*Daga wata mai karatu a Kaduna*

Amsa: Ƙanwata, a kaset na asali ki shiga zaɓuɓɓuka, wurin gwajin sauti, ki kunna 19, sai 65, sai 09, sai 17. Ki koma fuskar farko, ki riƙe A ki danna Start, jerin zangunan zai fito. Lambobin ranar haihuwar Yuji Naka ce, 17 ga Satumba 1965. A cikin wannan jerin ma akwai gwajin sauti, in kika kunna 04, 01, 02, 06 an ba ki zumurrudan bakwai. Daga nan duk sanda kika tara zobe 50 kika yi tsalle, Sonic zai rikiɗe ya koma rawaya, ba abin da ke huda shi, amma zobe ɗaya yana zubewa kowace daƙiƙa, kuma rami da nutsewa a ruwa suna kashe shi kamar kowa. Kada ki sa rai zai fisshe ki a Death Egg, can ba zoben da za ki tara.